Wasiƙa Ta Goma Sha Biyu

Bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar Ƙwaya,
inda yaran mota ke kiran Funtuwa, saura mutum ɗaya,
nan na san fili kewaye da waya,
aka ce zangon soja ne.
Zango ba gida ba ne, ko fatake sun sani,
amma wani ya share wata uku a ciki
yana jiran motar da za ta kai shi bakin jirgi.

Ni ba soja ba ne. Ƙirjina bai cika igiyar awo ba.
An ɗora ni kan sikeli kamar buhun gyaɗa, aka girgiza kai,
sai na koma gindin tsamiya da tawada da alƙalamin gamba.
Wasiƙa kwabo. In da gaisuwar dangi kaf, kwabo da ɗari.

Can ciki an aske su ƙwal, an ba kowa lamba.
Saje ba ya kiran suna.
Da asuba bigila ta riga ladan,
hagu, dama, hagu, har ƙasa ta zama daɓe.
Da hantsi layin tuwo, kowa da gwangwaninsa,
da la'asar layin allura.
Da dare babu layi, sai jita-jita:
wai ruwan da za a haye ba shi da gaɓa ta biyu,
wai can damina ba ta ɗaukewa.
Sun haƙa gurbin dara a bakin tanti,
Cindo ɗan Kaita ya cinye bargon mutum uku,
ranar tafiya ya rasa wanda zai bar wa.

Kowa da ƙaryarsa in ya tsuguna gabana.
Rubuta muna cin nama kullum.
Rubuta takalmin ya yi mini daidai.
Rubuta kada a sayar da jakin.

Sai Nomau, mutumin Batagarawa, mai in'ina,
ya ajiye sule guda bisa buzuna.
Goma sha biyu yake so, duk a zama ɗaya,
duk tsayuwar wata in kai wa Kuluwa guda, in karanta mata.
Mun kai magariba muna shirya shekarar da ba ta zo ba:
a ta huɗu ya yi ƙiba,
a ta bakwai an ba shi igiya.
Washegari mota ta zo. Ban gane shi cikin huluna ba.

Takwas na kai lafiya.
Ranar ta tara masinja ya tare ni a hanya:
tunda can za ka, riƙe wannan, daga ofis take.
Takardar Boko ce, amma lambar da ke kanta
ni na sha rubuta ta da hannuna.

Na iske tsohuwa tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki.
Takarda biyu a aljihu ɗaya.
Na zaro wadda ta fi laushi.
Da na gama, ta hure ɓawo daga faifai, ba ta dube ni ba,
ta ce, Malam, yaron nan bai taɓa ƙare zance a miƙe ba
sai a bakinka. Ka dawo wani watan.

Na koma. Na sake komawa.
Ta goma sha biyu ba ta same ta ba.

An kwance waya, an sayar da turaku,
tsamiyar ma ta shiga murhun wani.
Wasiƙar tana cikin gafakata, gara ta ci gefenta.
Layi biyu ne, ba sai na buɗe ba:
Inna, ina hanya.
A jiƙa gero.